An ce rizal ɗinka ya ɗan kauce: yadda ake bin takardar awon jini daki-daki kafin ciki ya ɗuri ruwa

Cikin azumin 2022, wanda ya faɗo tsakiyar zafin Afrilu, ina zaune ƙofar gida nan Ƙofar Ƙaura bayan an sauko asham sai ga kawuna bisa mashin, ko gaisawa ba mu ida ba ya zaro wata takarda daga aljihun gaba an ninke ta gida huɗu har ta jiƙe da zufa, ya ce "kai da ke aikin lab duba mani nan, yaran nan sun duba a waya sun ce ƙoda ce." Na haska da fitilar waya, kiriyatinin, wato awon aikin ƙoda, 118, gefe an rubuta 60 zuwa 110, sai wani H da inji ya buga, alamar lambar ta hau. Shi ke nan fa abin da ke jikin takardar. Maki takwas suka hana dattijo shan kunun buɗa baki kwana biyu, har ya fara lissafin gonar da za a saida in an kai ga wankin ƙoda.

Irin wannan kusan kullum sai an turo mani a WhatsApp, hoto a karkace rabi ba ya fita, ƙasa an rubuta "don Allah mi wannan ke nufi". Tau ga yadda nike bi da su, mataki-mataki, kuma tun yanzu in faɗa, wannan ba zai tsaya maka a matsayin likitan da ya taɓa cikinka ya auna hawan jininka ba, amfaninshi ka shiga wurin likita da hankalinka a jikinka.

Mataki na farko, ka tabbata takardar taka ce kuma ka gane ma'aunin

Kar ka yi dariya. Garin da layi ɗaya za ka iske Aisha Abubakar ukku suna jiran awo, ba abin mamaki ba ne a miƙa ma wata takardar wata. Duba suna, shekaru, mace ko namiji, da ranar da aka ɗebi jinin. Sannan duba ƴan haruffan da ke bayan lambar, don nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Suga ana auna shi da mmol/L ana kuma auna shi da mg/dL, wanda aka rubuta ma 6.0 a wani lab da wanda aka rubuta ma 108 a wani duk abu guda ne, ninkawa ake da 18. Na taɓa ganin wata gwaggonmu tana kuka wai sugarta ta tashi daga 5 zuwa 95 cikin wata ɗaya, alhali 95 ɗin in ka raba da 18 bai wuce 5.3 ba, na'ura kawai ta sauya. Haka kiriyatinin, 1.2 a mg/dL kusan 106 ne a µmol/L.

Mataki na biyu, ka san daga ina "nomal" ɗin ya fito

Wannan shi ne abin da in ka gane shi rabin fargabar ta tafi. Lambobin nan biyu da ake rubutawa gefe, misali 60 zuwa 110, ba saukar da su aka yi ba. Ana tara mutane masu lafiya a auna su, sai a ɗauki inda 95 cikin 100 suka faɗa a ce nan ne daidai. Ma'ana tun daga tushe mutum 5 cikin 100 masu ƙoshin lafiya an bar su waje, ɗaya cikin ashirin kenan. Yanzu ka je ka ce a yi maka awon komi da komi, takarda ta fito da layi ashirin, a lissafi damar a samu aƙalla layi ɗaya ya kauce ta kai wajen 64 cikin 100 ko da kuwa ba abin da ke damunka. Wato mai lafiya garau da ya yi babban awo, samun H ko L guda, wato ya hau ko ya yi ƙasa, ya fi rashin samu yawa.

Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin iyakokin nan da injin suka zo ko daga littattafan da aka rubuta da jinin Turawa, kuma jininmu na nan Afirka ta Yamma akwai inda ya sha bamban, zan zo kan wannan a wurin WBC, fararen ƙwayoyin jini. Shi ya sa ma lab biyu a gari ɗaya za ka ga iyakarsu ba ɗaya ba, don haka ka gwada lambarka da iyakar da ke bisa takardarka, ba wadda ka gani a intanet ba.

Mataki na ukku, nawa ya kauce kuma a wane hali aka ɗebi jinin

Akwai bambanci tsakanin wanda ya taka layi da ɗan yatsa da wanda ya tsallaka katanga. ALT, awon hanta, 48 inda iyaka take 40 daban, ALT 480 daban. Ka fara tambayar kanka wannan, sannan ka zauna ka tuna kwana biyu ukku kafin awon. Kana azumi? Ka wuni cikin rana a kasuwa ko gona ba ka sha ruwa sosai ba? Ka ci tsire ko kilishi da yawa daren jiya? An ce ka zo ba ka ci komi ba amma ka ɗan kurɓi koko ko shayi da suga ka ce ai wannan ba abinci ba ne? Ka tashi daga zazzaɓi cikin sati biyun nan? Kina da ciki, ko kina al'ada, ko ba ki daɗe da haihuwa ba? Wane magani kake sha, har da na kemis da ba likita ya rubuta ba, har da jiƙo da tsimi da maganin basir da na ƙarfin maza da ake saidawa a jarka bakin tasha, waɗannan su mutane suka fi ɓoyewa kuma su suka fi taɓa hanta da ƙoda.

Kawuna da na bi shi da tambayoyin nan sai ga shi azumi yake, ya wuni kasuwar Charanci cikin rana, an ɗebi jinin wajen la'asar lokacin jiki ya bushe ƙarau, kuma sati biyu yana haɗiyar diclofenac safe da dare saboda gwiwa, wato da sahur da bayan shan ruwa. Ka ga ai ba a rasa dalili ba.

Wani lokacin kuma matsalar daga wurinmu take mu masu lab, gaskiya ɗaya ce. In an sha wuya wurin neman jijiya, an ɗaure hannu ya daɗe, ana ta cewa dunƙule buɗe dunƙule buɗe, ko jinin ya kwana a kwalba kafin a sa shi a inji, jajayen ƙwayoyin jini na fashewa su zubo da fotashiyam, sai a ga K, wato fotashiyam ɗin, ya hau alhali a jikin mutum lafiya lau yake. Suga kuma akasin haka, in jini ya daɗe aje a kwalbar da ba tata ba raguwa take.

Mataki na huɗu, bi layukan da aka fi tsorata da su ɗaya bayan ɗaya

PCV da Hb, wato yawan jini. Wannan kowa ya san shi don shi ake fara cewa "jininki ya yi ƙasa". Hukumar Lafiya ta Duniya ta aje cewa ƙarancin jini shi ne Hb ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai ciki, PCV kuma kusan ninki ukku na Hb ne, don haka mai ciki da PCV 33 tana bakin layi ne, ba ta faɗa rami ba, ciki da kanshi yana ƙara ruwa a jini ya sirka shi. Namiji da Hb 12.6 ko mace da 11.4 ba maganar ƙarin jini ba ce, maganar neman dalili ce. A nan wurinmu dalilan da aka fi samu su ne ƙarancin sinadarin ayan a abinci, jinin al'ada mai yawa, haihuwa kusa da kusa, maleriya, tsutsar ciki, tsargiya ga yaran da ke wanka a dam da kududdufi, da basir mai zubar da jini. Leƙa layin MCV, in ya yi ƙasa da 80 ƙwayoyin sun ƙanƙance, galibi ayan ne ya yi ƙaranci. Amma fa ga inda ba na wasa, namiji babba ko macen da ta daina al'ada in jininsu na raguwa ba dalili a fili, ko kashi na fita baƙi kamar kwalta, ba a rufe shi da maganin ƙarin jini na kwalba da maltina da madara, sai an bincika inda jinin ke zurarewa. Mai sikila kuma shi lissafinshi daban ne gaba ɗaya, da lambar da ya saba zama a kai ake gwada shi.

WBC, fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki. Yawanci ana rubuta 4 zuwa 11. Mutum ya ga 3.6 da L sai ya ce garkuwar jikinshi ta mutu, wani har zuciyarshi ta kai shi ga ƙanjamau. Tau mu baƙar fata na wannan yanki da yawanmu haka Allah ya yi mu, nau'in da ake kira neutrophil ya fi na Bature ƙasa, gado ne da ke da alaƙa da wani rukunin jini da ake ce ma Duffy wanda mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a bisa jajayen ƙwayoyinsu, kuma ba ya sa mutum yawan ciwo. In kuma ya ɗan hau, 12 ko 13, zazzaɓi, ƙurji, ciwon haƙori, ciki, shan taba, magani irin su dexamethasone da prednisolone da wasu ke sha don ƙiba, duk suna ɗaga shi. In nau'in da ake kira eosinophil ne ya hau a fara tunanin tsutsa ko tsargiya ko asma.

Filatilet, masu tsaida jini, 150 zuwa 400 ko 450. Maleriya na kada su sosai kuma suna dawowa bayan an warke, don haka 130 ga wanda ya tashi daga zazzaɓi sai a sake bayan sati biyu zuwa huɗu. Wani lokacin ma dunƙulewa suke cikin kwalba inji ya ƙirga guda goma a matsayin ɗaya, in aka shafa jinin a gilashi aka duba da madubi sai a gan su cunkus.

Suga. In da gaske ba ka ci komi ba awa takwas, ƙasa da 5.6 wato 100 lafiya lau. Daga 7.0 wato 126 zuwa sama shi ne ciwon suga, shi ma in ba alamomi sai an maimaita wata rana an sake samun haka kafin a ɗora ma mutum sunan. Tsakanin nan, 100 zuwa 125, shi ne bakin gaɓa, ba ciwon ba ne tukuna amma kar ka ce ba komi, nan ne wurin da rage lemun kwalba da shayi mai cokali huɗu da fura mai suga, da tafiyar ƙafa ta rabin awa mafi yawan ranaku, da rage tumbi ke iya maida mutum baya. Akwai awon HbA1c da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa ukku, 6.5 zuwa sama ciwon suga ne, sai dai ga mai sikila ko mai ƙarancin jini ko wanda aka yi ma ƙarin jini kwanan nan yana iya yin ƙarya, ka gaya ma likita jinotayif ɗinka.

Ƙoda, wato yuriya da kiriyatinin. Yuriya ɗan ƙishirwa kaɗan ke ɗaga ta. Kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, don haka ƙato mai dako ko ɗan dambe lambarshi za ta fi ta tsohuwa ƴar firit ko da ƙodarsu ɗaya, wanda kuma ke nufin tsohuwar tana iya samun matsala lambarta na cikin "nomal". Shi ya sa likitoci ke lissafa eGFR, wato ƙiyasin ƙarfin tacewar ƙoda, da shekaru da jinsi, kuma ba a cewa mutum na da ciwon ƙoda mai daɗewa sai matsalar ta zauna wata ukku. Abu biyu masu arha da ke faɗin gaskiyar ƙoda fiye da kallon lamba ɗaya su ne awon fitsari a ga ko furotin ko jini na zuba, da awon hawan jini.

Hanta, ALT da AST. In hawan bai kai ninki biyu zuwa ukku na iyaka ba ana kiranshi ƙarami, kitse a hanta ga mai ƙiba ko mai suga, magunguna, jiƙe-jiƙe, maleriya, har aikin ƙarfi na iya ɗaga AST. Amma a ƙasar nan duk wanda ALT ɗinshi ya hau ko kaɗan ne, ni shawarata ya yi awon ciwon hanta na B da C in bai taɓa yi ba, don B ɗin na da yawa cikinmu kuma shiru yake zama shekaru. In HBsAg, wato awon B ɗin, ya fito fozitif ba hukuncin kisa ba ne, da yawa ba su ma buƙatar magani sai bibiya, amma a auna mata da yara a yi ma wanda bai da shi rigakafi. ALP kuma, wani layin a awon hanta, yakan hau ga yaro mai girma da mai tsohon ciki, wannan ba ciwo ba ne. Bilirubin, sinadarin da ke sa ido ɗorawa, na wasu mutane na ɗan hawa in sun yi azumi ko zazzaɓi sauran layukan hanta na daidai, shi ma sau da yawa gado ne marar illa.

Sai uban gayya, Widal, awon taifot. Wallahi da za a tara kuɗin da mutanen Katsina suka kashe a allurai da ƙarin ruwa saboda 1/80 da 1/160 da an gina asibiti. Awon nan ba ƙwayar cutar yake gani ba, martanin da jiki ya taɓa yi yake gani, kuma mu da muka tashi muna shan ruwan da muke sha, da yawanmu za mu nuna wani abu ko muna lafiya, maleriya ma na iya sa shi ya hau. Widal guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot. Wanda ke tabbatarwa shi ne a shuka jinin a lab a ga ko ƙwayar ta tsiro, shi ake ce ma kalca, yana ɗaukar kwanaki. Mutum ba zazzaɓi, sai kasala da ciwon kai na rashin barci, a ce mashi "taifot da maleriya" a ɗaura mashi ceftriaxone kwana biyar, bayan wata biyu ya sake awo ya ga 1/80 na nan ya ce bai warke ba a sake wani zagaye. Abin na ci mani rai.

Kolastarol, wato kitsen jini, ba zan daɗe ba, jimilla ƙasa da 5.2 wato 200 ake so, 5.5 ba abin tashin dare ba ne, ana haɗa shi ne da shekaru da hawan jini da suga da shan taba kafin a yanke ko mutum na buƙatar magani. ESR, awon da ke nuna alamar kumburi a jiki, ma haka, tsufa da ciki da ƙarancin jini duk suna ɗaga shi, shi kaɗai ba ya nuna wane ciwo ne.

Mataki na biyar, waɗanda ba a kwana da su

Duk bayanin da na yi na sama na wanda ke tafe da ƙafarshi yana cin abinci ne lamba ta ɗan kauce. In PCV ya sauko wajen 21 ko ƙasa, ko mutum na haki yana jiri, in filatilet ta yi ƙasa da 50 ko dasashi da hanci na zubar da jini, in fotashiyam ya kai 6, in suga ta haura 300 a mg/dL ga ƙishirwa da yawan fitsari da amai, ko ta faɗi ƙasa da 70 mutum na rawar jiki yana zufa, in ido ya yi ɗorawa fitsari ya yi ja kamar shayi, in ƙafa da fuska sun kumbura fitsari ya ragu, in Hb da WBC da filatilet duk ukkun sun faɗi tare, ko ana ramewa ba dalili da zufan dare da ƙulluwa a wuya ko hammata, tau wannan ba na turo hoto a WhatsApp ba ne, a nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Janar, mai ciki ko ƙaramin yaro a nufi asibitin mata da yara na Turai Ƴar'aduwa, na Daura da kewaye su nufi babban asibitin da ya fi kusa. Mai ciki da jariri da tsoho da mai sikila dama ba a yi masu dogon jira ko lambar ba ta kai haka ba.

Mataki na shida, komawa wurin likita da maimaita awo

Ka koma wurin wanda ya rubuta maka awon, don shi ya san abin da yake nema. Ka tafi da kwalayen duk magungunan da kake sha a leda, har jarkar jiƙon in akwai, ba wanda zai kama ka. Likitocinmu layi ya yi masu yawa, minti biyar za ka samu, tau ka riƙe tambayoyinka a ka ko ka rubuta a bayan kati: likita wannan hawan ƙarami ne ko babba, mi kake zaton ya kawo shi, yaushe zan sake, akwai maganin da zan dakata da shi, wace alama zan gani in dawo kafin ranar. Kuma kar ka aje maganin hawan jini ko na suga ko na farfaɗiya da kanka don ka ga wata lamba ta motsa.

Maimaitawa kuma ba washegari ba, jiki bai sauya komi ba cikin kwana ɗaya, sai dai irin fotashiyam da ake zargin jinin ne ya lalace, shi nan take ake sakewa. Sauran yawanci sati biyu zuwa wata ukku ne gwargwadon abin da likita ya ce. Ka koma lab ɗin da ka fara in ka yarda da su, da safe, ka sha ruwa, kar ka yi ta yawo daga wannan lab zuwa wancan kana neman wanda zai ba ka lambar da ranka ke so, ƙarshe ka tara takardu biyar masu iyaka daban-daban ka ƙara rikicewa. Ka samu fayil ko ambulan ka riƙa jera su bisa kwanan wata, ka kuma ɗauki hoton kowace, don kiriyatinin 112 da ya zauna 112 shekara ukku ya fi 70 da ya koma 85 ya koma 105 kwanciyar hankali, duk da na biyun ba a taɓa buga mashi H ba.

Mataki na bakwai, kwanakin jira

Nan ne wahalar take, na sani. Ƙarfe biyun dare mutum na kwance yana latsa waya, ya rubuta lambar a Google ko ya tambayi manhajar nan mai ba da amsa, ta jero mashi sababi goma, idonshi ba zai tsaya kan tara na farko ba sai kan na goma mai suna kansa. Daga nan ƙirji ya fara bugawa, ya ce ga shi zuciya ma ta taɓu, gobe ya tafi a yi mashi wani awon, shi ma ya fito da nashi ɗan H ɗin, an shiga zagaye kenan. Ka rubuta ranar da za ka sake awo a kalanda ka bar maganar sai ranar, ka faɗa ma mutum ɗaya mai hankali a gida ba guruf ɗin dangi ba inda kowa zai turo maka sunan mai magani da labarin wanda ya mutu da irin wannan. In kuma ka ga likita biyu ukku sun ce lafiyarka lau amma barci ya ƙi, kana ta taɓa jikinka kana sake awo duk wata, tau damuwar ita kanta ta zama abin da za a kai ma likita, ana maganinta, kuma ba hauka ba ce.

Kawuna dai likita ya tsaida mashi diclofenac ɗin ya sauya mashi da wani, ya ce ya riƙa shan ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur ya dawo bayan salla da sati biyu. Ya koma, kiriyatinin 101, fitsari ba furotin. Sai dai duk zuwan da ya yi, sau ukku, nas na ɗaura mashi abin awon hawan jini a hannu ana samun 158 bisa 96 ko kusa da haka, abin da ba ya cikin takardar da ta hana shi barci kuma bai taɓa jin ko ciwon kai ba. Yanzu ƙwaya ɗaya yake sha kullum, goggo ta rage magi da gishiri a miya yana ta mita, takardun kuma suna cikin wata leda ƙarƙashin kujerar mashin, duk wata shida sai ya biyo da sabuwa mu jera ta bayan ta baya.